Yatsun Clarrie Dogo da Kujerar Likitan Haƙori

Sunansa na gaskiya Clarrie Dunstall, amma babu mai kiransa haka sai mahaifiyarsa, sai kuma ɗan sandan da ya ba shi lasin tuƙi. Kowa a Kallawarra Dogo yake ce masa, saboda duk mazan garin ba wanda ya kai shi gajarta. Haka mutanenmu suke, ba su da aiki. Mai jan gashi su kira shi Shuɗi, mai sanƙo su kira shi Mai-Suma, shi kuwa Clarrie da ko kantar mashayar Merv ba ya hangowa sai ya yi ɗage, aka liƙa masa Dogo tun yana aji biyu.

Shekara arba'in da bakwai ya yi yana gyaran famfon iska a gandayen shanu na yammacin Queensland. In ƙarfe ya yi ƙara a tsakiyar daji, ruwa ya daina zuba a kwami, shanu suka fara kuka, Dogo ake nema. Ba shi da mata, ba shi da surutu, yana da kare da akori-kura fara wadda ƙofar hagunta da waya aka ɗaure ta. Amma in ana maganar gaisuwar hanya, to a nan ne Dogo ya fi kowa tsawo.

Ai gaisuwar hanya ba wasa ba ce. Kana tafe awa biyu ba ka ga kowa ba sai kangaru da ƙudaje, can sai ga mota ta ɓullo. Hannunka ba zai bar sitiyari ba, ɗan yatsa ɗaya za ka ɗaga, shi ma ya ɗaga nasa, ku wuce. An gama. Yatsa biyu na wanda yake kusa da ranka ne, ba a rabawa barkatai. Wanda ya ɗaga hannu gaba ɗaya kuwa, ko dai baƙo ne daga birni da bai san ciwon kansa ba, ko kuma yana cikin masifa, dole ka tsaya. Yatsan Dogo ya yi suna har garin Longreach can nesa. Ba ya saurin ɗagawa kamar mai neman suna, ba ya jinkiri kamar mai jin kai, kuma ko maƙiyinsa bai taɓa hana wa ba.

Ciwon da ya kama shi kuwa, a shekarar 1974 ya kama shi, yana ɗan ashirin da uku. Wani Bature ɗan Ingila, Mista Peverell, ya zo riƙon wani gandun shanu, ya taho da mota ruwan ɗorawa mai ƙofa biyu da ake kira Range Rover. A lokacin motar daji a wajenmu azaba ce. In ka yi tafiyar wuni a ciki, sai ka sauko kana lalube ko haƙoranka sun cika. Rannan famfon can ƙarshen gandun ya tsaya, rafi kuma ya kawo, sai Mista Peverell ya ce wa Dogo ya shigo. Suka saka kayan aiki a baya, da wani ɗan maraƙi mai gudawa da suka tsinta a hanya, suka faɗa cikin rafin nan. Baturen yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kofin shayi, har suka haye ko ɗigo bai zube ba.

Da suka dawo gida, maraƙi ya gama aikinsa a bayan mota, sai Baturen ya buɗe ƙofofi, ya jawo tiyo, ya fesa ruwa a ciki. Kujerun na roba ne, ƙasan ma roba. Minti biyar mota ta yi tas. Dogo ya tsaya baki buɗe har ƙuda ya shiga. Daga ranar nan bai ƙara zama daidai ba.

Ya shiga yanko hotunanta daga mujallu yana liƙawa a bangon rumfar aikinsa, inda sauran samari ke liƙa hotunan 'yan mata. Yana nan yana kallo motar ta yi ta girma tana barinsa. Aka ƙara mata ƙofofi suka zama huɗu. Aka shimfiɗa mata darduma. Aka cire kujerun roba aka sa na fata, aka manna katako mai sheƙi, aka sa mata sanyi. Mutanen birni da ko kashin saniya ba su taɓa takawa ba suka rufa mata, suna kai yara makaranta a cikinta, in tsuntsu ya ɓata gilashi su kira mai wanki.

Merv Tuckey, mai mashayar garin, ba ya barin Dogo ya sha giyarsa cikin kwanciyar hankali. "Mutumina, yaya budurwar taka? Na ji yanzu sai an cire takalmi ake shiga cikinta."

"Ƙarƙashin fatar nan, har yanzu ita ce," in ji Dogo. Amsarsa ke nan shekara da shekaru, bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

To, sai maganar Noelene Prowse. Doguwar mace ce ta gaske, mai faɗin kafaɗa da babbar murya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Kerryn, sai ta karɓi aikin kai wasiƙu gandaye a 1988. Duk Talata da Juma'a takan fita da motar wasiƙu, ta yi kilomita ɗari huɗu ta dawo. Da misalin ƙarfe goma na safe take isa wajen tsohuwar firij ɗin da iyalan Hanrahan suka kafa a bakin hanya don a riƙa zuba musu saƙo. Abin mamaki, duk Talata da Juma'a da ƙarfe goma sai wani famfo ya lalace a wannan shiyyar, sai ka ga akori-kurar Dogo ta ɓullo daga ɗaya ɓangaren.

Shekara goma sha ɗaya suna yatsa ɗaya. Wata Juma'a a 1999, ba zato ba tsammani, Noelene ta ɗaga biyu. Saura ƙiris Dogo ya afka wa firij ɗin Hanrahan. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Mako uku ya yi yana nazari, yana duba yatsunsa kamar yau ya fara ganinsu, sannan ya mayar mata da biyu. Daga nan suka yi shekara goma sha bakwai a haka.

Kada ku zaci a cikin gari wani abu ya canza. In sun haɗu a kanti sai ta ce, "Dogo." Ya ce, "Noelene." Ta ce, "Zafi." Ya ce, "Zafi kam." Kowa ya kama gabansa. Amma garin kaf ya sani, har karnuka. Dogo yana son matar nan kamar ransa, kuma da a ce ya buɗe baki ya faɗa, gara a sa shi ya hau famfon iska tsirara.

A farkon 2016 labari ya iso mashaya cewa Noelene za ta ajiye aiki a ƙarshen shekara. Kerryn ta matsa mata ta koma Yeppoon bakin teku, har ta gyara mata ɗaki. An ce Noelene ta faɗa a kanti, da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa ba ta yanke shawara ba tukuna, za ta duba ta ga ko akwai abin da zai riƙe ta a Kallawarra.

Dogo ya ji wannan magana. Ya san yatsa biyu ba za su riƙe mace a gari ba, dole ya yi magana. Ya kuma san ba a yi wa mace irin Noelene magana a cikin motar da sai an kwance waya kafin ta shiga, kare kuma ya matsa mata. Sai ya ajiye aiki shi ma, ya sayar da kayan aikinsa, ya hau bas zuwa birnin Brisbane. A can ya sami abin da ya yi shekara arba'in da biyu yana mafarki, baƙa wuluk, kujerun fata ruwan madara, a hannun wani likitan haƙori da bai taɓa sauke ta daga kwalta ba. Likitan nan kuwa, in zai shiga ofishinsa sai ya sunkuya.

A nan ne aka yi kuskuren, kuma ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kujerar motar tana tuna mai ita. Da an buɗe da makulli sai ta yi wani ɗan gurnani, ta ja baya, ta sauka ƙasa, ta kwanta daidai jikin likita. Dogo ya shiga ya nutse. Da ƙyar bakin takalminsa ke taɓo totur. Hanya kuwa, ta 'yar kafar da ke tsakanin sitiyari da dashbod yake leƙenta. Saman sitiyari ya fi ƙarfinsa, sai ya kama ƙasan, hannuwansa a kan cinya.

Za ku ce me ya hana shi gyarawa? A rana ta farko ya gwada taɓa wani maɓalli. Bayan minti goma sai ya ji mazaunansa sun ɗauki zafi, ga rana ana ƙuna, ya tsaya a gefen hanya ya tabbata ajalinsa ne ya zo ta ƙasa. Ashe kujerar ce ke ɗumama mutum, saboda sanyin Ingila. Tun daga nan ya rantse ba zai ƙara taɓa komai ba sai sitiyari da birki. Littafin motar kuwa, mai kauri kamar bulo, ya tokare ƙafar teburin kicin da shi. Da ma a kansa ya zauna! Matashin zama kuma ba ya sayuwa, don mutumin da ake kira Dogo ba zai shiga kantin Kallawarra ya ce a ba shi matashin zama ba, kafin ya kai ƙofa labari ya kai Longreach. Ƙarshe ya gaya wa kansa cewa haka manyan mutane suke zama a mota, a kishingiɗe.

Ranar da ya shigo gari, mutane suka fito suna kallon baƙar mota tana tafiya ita kaɗai da malfa a wajen direba. Merv ya cire tawul daga kafaɗa ya rusuna. Nan take aka raɗa wa motar suna Gimbiya.

Talata ta zo. Dogo ya yi aski, ya goge takalmi, ya nufi firij ɗin Hanrahan. Dabararsa ita ce su yi gaisuwar nan sau biyu ko uku a sabuwar mota don Noelene ta saba da ita, sannan ya tsaya ya yi magana. Ƙarfe goma motar wasiƙu ta ɓullo. Noelene ta ga malfar ta gane mai ita, ta ɗaga yatsa biyu. Dogo ya ɗaga nasa biyu, tsaf, yadda ya saba, can ƙasa kusa da cibiyarsa inda ba mai gani sai Allah da kare. Ya wuce yana murmushi, ita kuma ta wuce fuska a murtuke.

Juma'a ta sake ba shi biyu, ta ga malfa. Talata ta gaba ta ba shi ɗaya. Dogo ya ji kamar an zare masa haƙarƙari. Juma'ar da ta biyo, hannun Noelene bai motsa daga sitiyari ba, idonta na kan hanya, ta wuce shi kamar kututture.

Ba ita kaɗai ba. Direbobin motocin shanu, ma'aikatan hanya, fasto mai zuwa sau ɗaya a wata, kowa ya ɗaga ya ga malfa, ya sake ɗagawa ya ga malfa, ya ce to shi ke nan, Dogo ya sayi motar masu kuɗi ya daina ganin talakawa. Shi kuma Dogo yana can ƙasa yana aikin ɗaga yatsa ba fashi, ba mai amsawa, ya ce lallai hassada ta cinye garin nan. Kuma ba wanda ya tambayi wani. A wajenmu namiji ba zai je ya ce wa namiji, don me ba ka gaishe ni ba? Yin haka ya nuna abin ya dame ka ke nan. Gara a yi gaba shekara ashirin.

A mashaya sai habaici. "Ranka ya daɗe, a kawo giyar a kofi ko a faranti na azurfa?" in ji Merv. "Ku matsa wa mai martaba, kada ƙurarku ta taɓa shi."

"Ni ban canza ba, Merv."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Mu ne muka ƙanƙance."

Dogo bai damu da Merv ba, Noelene ce ke hana shi sukuni. Ya zauna ya yi tunani irin nasa, ya gano cewa ƙyallin motar ne ya ɓata mata rai. Sai ya kai Gimbiya bakin dam ya kwaɓa taɓo ya shafe ta da hannunsa. Ba amsa. Ya loda mata ciyawar shanu har saman kujerun fata. Ba amsa. Ya samo waya ya ɗaure ƙofar hagu, ƙofar da lafiyarta ƙalau, don dai ta yi kama da motar mutanen kirki. Noelene ta ga wannan ta ce a kanti, wato yanzu har kwaikwayon talakawa yake yi yana mana dariya.

A watan Oktoba ya yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin hanyar nan, ya ɗaga yatsa uku. Ba wanda ya san ma'anar uku, shi ma bai sani ba, ya dai ga biyu sun gaza. Ya riƙa miƙe su da ƙarfi tun daga nesa har jijiyar hannunsa ta kumbura. Nas ɗin asibitin garin ta tambaye shi wane aiki yake yi da hannun, ya ce mata ya yi ritaya.

Farkon Disamba Noelene ta liƙa takarda a ƙofar gidan waya. Juma'a goma sha shida ga wata ce fitarta ta ƙarshe, Litinin motar kwasar kaya za ta zo daga Yeppoon. Ta ce ta duba, ba ta ga abin da zai riƙe ta ba. Dogo ya karanta takardar sau uku, ya koma gida ya zauna a baranda, kare ya ɗora masa kai a gwiwa. Tsoho ɗan sittin da biyar ya yi hawaye, ba kunya, don ba kowa a wajen.

Ranar Juma'ar ya fita ba aski ba komai. Ya hango ƙurar motar wasiƙu tun daga nesa, firij ɗin Hanrahan na tsakaninsu. Ya duba yatsunsa ya ga ba su da sauran amfani. Sai ya karya rantsuwarsa, ya shiga danna maɓallai yana neman na gilashi. Goge-gilashi ya tashi, rediyo ya kama ihu, kujera ta fara ɗumi, can dai gilashi ya sauka. Dogo ya cire malfa, ya zura hannu waje har kafaɗa, ya shiga kaɗawa kamar ɗan yawon buɗe ido.

Noelene ta taka birki har wasiƙu suka zubo mata a wuya. Fushi daban, doka daban, ba a wuce mai ɗaga hannu. Ta diro ta zo ta leƙa, ta same shi can ƙasa, fuska ja wur, gumi na tsiyaya.

"Maciji ne?"

"A'a."

"Ƙirjinka?"

"A'a."

"To uban me ya sa kake kaɗa hannu kamar mahaukaci? Dubi fuskarka! Matsa, asibiti za mu."

"Ni zan tuƙa," in ji Dogo. Ko a bakin kabari ba zai ba da sitiyarin Gimbiya ba.

Ta yi tsaki, ta kulle motar wasiƙu, ta zagaya ta tsaya tana kwance wayar ƙofa tana zagi ƙasa-ƙasa. Ta ture ciyawa, ta kori kare baya, ta zauna. Ga shi dai Noelene ta shiga motar da aka saya dominta, amma ko kallonsa ba ta yi. Suka kama hanyar gari, shi yana dahuwa a kan kujera, maganar da ya yi wata tara yana shiryawa ta gudu ta bar shi.

Sun yi kamar kilomita goma sai ga tirelar shanu mai jela uku ta taho. Dogo ya ɗaga yatsa ɗaya, yadda ya saba. Direban ya wuce ko gezau.

"Kin gani ko?" Abin ya fashe masa. "Haka suke mini. Dukansu. Shekara ashirin na san yaron nan, ni na gyara wa ubansa famfo. Me na yi wa mutane, Noelene? Mota kawai na saya."

Idon Noelene na kan cinyarsa, inda yatsan yake tsaye har yanzu.

"Dogo. Wancan mene ne?"

"Wanne?"

"Wa kake gaisarwa a nan ƙasa? Cibiyarka?"

"Direban mana."

"Tsaya. Na ce tsaya da motar nan!"

Ya tsaya. Ta fitar da shi, ta tura shi gaban mota ta ce ya tsaya nan kada ya motsa. Ta shiga wajen direba, ta zame ƙasa har kanta ya zo inda nasa yake zuwa, ta ɗora malfarsa, ta kama ƙasan sitiyari. Ta ƙwala masa kira ta taga, "Yatsa nawa na ɗaga?"

Dogo ya ƙura ido. Ya matso. Ya yi ɗage. Malfa kawai yake gani.

"Ba ki ɗaga ba."

"Goma na ɗaga, sakarai! Har da na ƙafa in da hali!"

Ya daɗe a tsaye cikin rana, ƙudaje na yawo a fuskarsa bai kore su ba. Wata tara suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya, taɓon da ya shafa, ciyawa, waya, fasto. Noelene kuwa dariya ta kama ta har tana dukan sitiyari, hon na tashi, kare na haushi. Tana cikin dariyar sai ta koma wani abu daban, ta cire malfar ta rufe fuskarta da ita.

Da ta sauko, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Duk Talata da Juma'a?"

"Ban taɓa fashi ba."

"Nawa?"

"Biyu. Daga Oktoba uku."

"Uku kuma na mene ne?"

"Ban sani ba. Biyun ne suka ƙare mini."

Ta mayar da shi kujerarsa, ta sunkuya gefen kujerar ta danna wani abu da babban yatsa. Kujera ta yi gurnani, Dogo ya fara tasowa a hankali kamar ƙullin burodi. Ga dashbod ya koma ƙasa, ga hancin mota, ga hanya shimfiɗe har ƙarshen duniya. Wata tara yana da motar nan, ranar ya fara ganin gabanta. Noelene ta kashe abin ɗumin, ta danna lamba biyu a jikin ƙofa ta riƙe har ya yi ƙara. Ta ce motar Kerryn ma haka take, yanzu lamba ɗaya ta likita ce, lamba biyu tasa.

Dogo ya kama saman sitiyari da hannu biyu. Ya yi gyaran murya. "An ce Yeppoon akwai laima."

"Akwai."

"Ba ta da kyau ga gwiwa."

"Clarrie Dunstall," in ji Noelene, kuma tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya kira shi haka, "shekara ashirin da takwas ina karanta yatsunka. Ka ga inda suka kai mu. In kana da magana, ga bakinka nan a fuskarka."

Ya buɗe bakin, ya rufe, ya sake buɗewa. "Kada ki tafi."

"To," in ji ta. "Juya mu koma, wasiƙun Hanrahan na cikin rana."

Motar kwasar kaya ta zo ranar Litinin kamar yadda aka shirya, sai dai tafiyar titi biyu ta yi, daga gidan Noelene zuwa gidan Dogo. Kafin nan labarin kujera ya gama gari. Ba wanda ya ba shi haƙuri, mu ba ma yin haka. Amma mako guda cur duk motar da ta haɗu da Gimbiya yatsa biyu take ɗagawa, har fasto. Merv ya tura masa giya ya ce, "Ashe kana ciki, mutumina. Mun zaci malfar ce ta sayi mota."

Aka ɗaura aure a watan Afrilu, aka ci gasasshen rago da kek mai kwakwa. Sai kuma wata sabuwar matsala ta ɓullo. Yanzu mota ɗaya suke shiga, ba sa haɗuwa a hanya, Dogo ya fara ramewa. Noelene ta lura. Wata Talata ta ɗauki makullin tsohuwar akori-kura ta ce za ta zagaya ta hanyar dam, shi ya bi ta kwalta. Ƙarfe goma suka haɗu a firij ɗin Hanrahan, biyu da biyu, suka wuce, kowa ya zagaya ya dawo gida aka sha shayi. Shekara shida suna ƙona mai a kan wannan shirme, kuma duk wanda ya yi dariya ni da shi ne.

Dogo ya rasu a barandarsa wata ranar Laraba da la'asar, kofin shayi a gefensa, yana da shekara saba'in da biyu. A bayan Gimbiya aka kai shi makwancinsa. Akwatin ya shiga daidai, ko kujera ɗaya ba a kwantar ba sai ta baya, abin da Merv ya kasa yin shiru a kai har a maƙabarta.

Motar tana nan, ta tsufa, fatar kujerun ta tsattsage, har yanzu akwai ciyawa a lungunanta. Noelene ce ke tuƙa ta. Lamba ɗaya, ta likitan haƙori, ita ce daidai tsawonta, kamar don ita aka auna. Amma in ta shiga lamba biyu take dannawa. Kujera ta taso ta matso gaba, gwiwoyinta su tokare dashbod, kanta ya dunguri rufi, sitiyari a ƙirjinta. Kerryn ta yi magana har ta gaji, ta ce, "Mama, za ki karya bayanki a banza, danna ɗaya mana."

"Motar ba ta manta shi ba," in ji Noelene, "ni ce zan sa ta manta?"

Duk Talata da ƙarfe goma za ka gan ta a hanyar Hanrahan, a dunƙule kamar an cusa ta da ƙarfi, kai a karkace. In ta zo daidai firij ɗin takan rage gudu. Ba mota a gabanta, ba kowa sai ƙudaje. Hannunta na can saman sitiyari inda kowa zai gani, ta ɗaga biyu, ta ɗan jira, sannan ta ƙara na ukun.